Ina tsoron zafin naƙuda, surukata kuma ta ce allurar baya tana shanye ƙafafu

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 22, ina da cikin fari, mako 30 ke nan a katin awo. Tun ranar da na raka yayata asibiti na ji kukan mata a ɗakin haihuwa, barci ya ƙaurace mini. Wata ƙawata ta ce akwai allurar da ake yi a gadon baya, mace ta haihu ba tare da ta sha wuya ba. Da na ɗauko maganar a gida, mahaifiyar maigidana ta ce wannan allurar ce ke shanye ƙafafun mata, kuma ita 'ya'ya tara ta haifa ba wanda ya ji muryarta. Maƙwabciyarmu kuma ta ce in tanadi tiramadol, in ciwo ya fara in kira mai kemis ɗin unguwa ya yi mini allurar naƙuda don abin ya zo da sauri. Yanzu haka Brufen nake sha saboda ciwon baya. Don Allah wace shawara za ku ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya raba lafiya.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarki da ba zai jira ranar haihuwa ba, shi ne Brufen ɗin nan. Ki ajiye shi daga yau, shi da danginsa irin su dikulofenak, wanda ake sayarwa da sunan Cataflam ko Voltaren, da Feldene. Daga mako na 20 na ciki waɗannan magunguna suna iya rage aikin ƙodar jariri, fitsarinsa ya ragu, ruwan da yake kwance a ciki ya ja baya, domin yawancin ruwan nan daga fitsarinsa yake. Daga wajen mako na 30 kuma, inda kike yanzu, suna iya rufe wata 'yar jijiya da ke kusa da zuciyarsa, wadda ake so ta zauna a buɗe har sai ya fito duniya ya fara numfashi da huhunsa. Kada hankalinki ya tashi, shan 'yan ƙwayoyi na kwana biyu ko uku da wuya ya yi ɓarna. Amma ki faɗa wa likita a awo na gaba yawan abin da kika sha da tsawon lokacin, in ya ga dama ya tura ki hoton ciki a duba ruwan. Abin da ya dace da ke shi ne farasitamol: ƙwaya biyu masu miligiram 500, duk bayan awa 6 in da buƙata, kada su wuce ƙwaya takwas a kwana guda. In likita ya ɗora ki a kan ƙaramin asfirin saboda gudun hawan jinin ciki, wannan daban ne, ki ci gaba da shi.

Tsoron da kike ji kuwa ba raki ba ne. Hajiya surukarki ta yi dauriya irin ta zamaninsu, lokacin da kunyar haihuwar fari take hana mace ko nishi mai ƙarfi, kuma ta cancanci girmamawa a kan haka. Sai dai zafin naƙuda ba ɗaya yake zuwa wa kowace mace ba. Ya danganta da girman jariri, da yadda ya kwanta, da faɗin ƙugu, da tsawon naƙudar. A Suratu Maryam, da naƙuda ta kai Nana Maryam ga kututturen dabino, abin da aka ba ta shi ne lallashi, da ruwa, da ɗanyen dabino, aka ce ta ci, ta sha, ta kwantar da hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin kula da mai naƙuda da ta fitar a 2018, ta sanya rage zafi cikin abin da ya kamata a yi wa duk macen da ta nema.

Zai taimake ki ki san daga inda zafin yake fitowa, domin kowane magani da matakin da yake yi wa aiki. A kashin farko mahaifa ce ke murɗawa tana buɗe bakinta, daga rufe har santimita 10. Ciwon yana kama mara da ƙugu, ya taso, ya kai ƙololuwa, ya sauka, yawanci cikin minti guda ko ƙasa da haka, sannan ki sami hutu kafin na gaba. Idan jariri ya juyo da ƙeyarsa wajen bayanki, ciwon ƙugun ya fi tsanani kuma naƙudar takan ja. Daga santimita 5 zuwa 10, mai haihuwar fari ba kasafai take wuce awa 12 ba. A kashi na biyu, lokacin yunƙuri, zafin yakan sauko ƙasa, ya zama na miƙewar fata da raɗaɗi, amma ya fi gajarta.

Wannan tasowa da saukar ita ce alamar ciwon naƙuda na ƙa'ida. Ciwon da ya riƙe bai saki ba, ciki ya yi tauri kamar dutse, ko da jini ko babu, yana iya zama mabiyiya ce ta saki kafin lokaci. Ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da zafi a saman ciki ta dama, alamun hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga ne. Ciwon da ya kai maƙura sannan ya ɗauke ɗif, mace ta hau gumi mai sanyi da jiri, yana iya zama fashewar mahaifa. Duk waɗannan ba a neman musu maganin zafi a gida, mota ake nema. Wannan na daga dalilan da suka sa muke adawa da shawarar maƙwabciyarki, domin ƙwayar da za ta sa ki gyangyaɗi za ta iya rufe miki waɗannan alamun.

Shawarar tata ma kashi biyu ce, kuma kashi na biyun ya fi muni. Abin da ake kira allurar naƙuda, wato oksitosin, ba ya rage zafi ko kaɗan, ƙara shi yake yi, domin aikinsa shi ne ya sa mahaifa ta ƙara murɗawa. A asibiti, idan naƙuda ta yi sanyi kuma an tabbatar jariri zai iya wucewa, ɗan kaɗan ake zubawa a ledar ƙarin ruwa ta rabin lita, a fara da ɗigo kaɗan a minti, ana ƙarawa duk bayan rabin awa, ungozoma na ƙirga murɗawar tana sauraron zuciyar jariri. Da zarar murɗawa ta wuce biyar a cikin minti goma, sai a rage ko a rufe. Wanda ya soka miki shi a cinya ko a ɗuwawu alhali jariri na ciki, ba shi da hanyar janye shi. Mahaifa za ta ɗaure ba hutu, kuma a lokacin hutun ne jini ke kai wa jariri iska. Idan kuma kan jaririn ya fi ƙarfin ƙugu, mahaifar ce za ta yage. Haka ƙwayar misofurostol, wadda aka fi sani da Cytotec, da jiƙe-jiƙen da ake cewa suna kawo haihuwa da wuri, waɗanda ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikinsu. Amma bayan jariri ya fito, allurar oksitosin ɗin nan ita ce ke tsayar da zubar jini, kuma ana so a yi wa kowace mace. Kada ki ƙi ta a wannan lokacin.

Tiramadol na kasuwa shi ma ki fita batunsa. Wanda hukuma ta amince da shi mai miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ke yawo a hannun 'yan talla yakan kai 200 ko 225. Yana iya jawo farfaɗiya, kuma idan mai naƙuda ta fara jijjiga ba wanda zai iya bambance ta ƙwaya da ta hawan jini. Yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, ya fito a galabaice a ɗakin da babu abin taimaka masa ya yi numfashi. Valium da wasu ke ba mai naƙuda don ta samu barci shi ma haka ne, jariri yakan fito jiki a sake, ya kasa kama nono, jikinsa ya yi sanyi.

Yanzu ga abin da yake da amfani. Tun kafin a zo ga allura, akwai dabarun da suke rage wahala da gaske, kuma kyauta ne. Babba a cikinsu shi ne ki samu macen da kika yarda da ita ta zauna tare da ke, mahaifiyarki ko yayarki, in asibitin ya ba da dama. An gwada wannan a ƙasashe da yawa, an ga matan da ke da mai ɗebe musu kewa sun fi ƙarancin neman magani, kuma naƙudarsu ta fi gajarta. Kada ki kwanta rigingine tun da wuri. Ki yi tafiya, ki durƙusa ki jingina da gado, ko ki kwanta ta gefen hagu. Mai rakiyarki ta dunƙule hannu ta danna ƙasan bayanki da ƙarfi duk lokacin da ciwo ya taso, ko ta ɗora tsumma mai ɗumi, ba mai ƙuna ba. Ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki fitar ta baki a hankali fiye da yadda kika ja. Ki riƙa kurɓar ruwa ko shayi, ki ci dabino ko wani abu mara nauyi, ki yi fitsari duk bayan awa biyu zuwa uku, domin cikakkiyar mafitsara tana ƙara ciwo tana tare wa jariri hanya. Addu'a da zikiri suna kwantar da zuciya, kuma jikin da ya saki ya fi wanda ya ƙanƙame jin sauƙi.

A yawancin asibitocinmu, abin da za a iya ba ki idan kin nema shi ne allura a cinya ko ɗuwawu: fentazosin, wanda ma'aikata suka fi kira Fortwin, yawanci miligiram 30; ko fetidin, miligiram 50 zuwa 100 gwargwadon nauyinki; ko tiramadol na allura, miligiram 100. Suna fara aiki bayan kamar minti 20, su ɗauki awa biyu zuwa huɗu. Gaskiyar magana, ba sa kashe ciwon. Suna dusashe shi ne, su sa ki gyangyaɗi tsakanin murɗawa, kuma ga macen da ta kwana biyu ba barci wannan hutun ba ƙaramin abu ba ne. Suna kawo jiri da tashin zuciya, shi ya sa ake haɗa su da maganin amai. Suna kuma rage saurin narkewar abinci, don haka bayan an yi miki ki tsaya a kan ruwa kawai.

Muhimmin abu game da su shi ne lokaci. Maganin yana isa ga jariri, kuma idan aka haife shi a cikin awa ɗaya zuwa huɗu bayan allurar, musamman fetidin, yana iya fitowa da raunin numfashi. Saboda haka ungozoma ta ƙwarai sai ta duba buɗewar bakin mahaifa kafin ta yi miki. In ta ce kin kai santimita 8 ko 9, ba za ta yi ba, ba mugunta ba ce, jaririnki take karewa. Darasin a nan shi ne ki nema da wuri, lokacin da naƙuda ta kankama, kada ki daure har sai ta zo gangara. Fetidin yana da wata matsalar: abin da yake rikiɗewa ya zama a jiki yana daɗewa a jikin jariri kwana biyu zuwa uku, ya sa shi yawan barci da kasalar tsotso. In haka ta faru ki riƙa tashinsa ki ba shi nono, ki manna shi a ƙirjinki fata da fata. Mai cutar sikila ko farfaɗiya ko ciwon ƙoda ba a so a yi mata fetidin, domin yana iya jawo mata jijjiga. Wurin da ya dace a yi waɗannan allurai shi ne inda ake da 'yar jakar hura wa jariri iska, da iskar oksijin, da makarin maganin da ake kira nalokzon. Kuma duk macen da ta saba shan tiramadol ko kodin a kai a kai, ta daure ta faɗa wa ungozoma a asirce, domin in aka yi wa jaririnta wannan makarin ba a sani ba, zai iya jefa shi cikin jijjiga.

Wasu asibitocin suna ba da farasitamol ta jijiya, giram ɗaya cikin minti 15. Ba shi da ƙarfi sosai, amma ba ya sa jariri barci. Buscopan da ake yawan yi wa masu naƙuda yana iya ɗan gajarta buɗewar mahaifa, kada dai ki sa ran zai ɗauke miki ciwo. Akwai kuma iskar shaƙa mai suna Entonox, da mace ke riƙe wa kanta ta fara zuƙa da zarar ciwo ya fara tasowa, kuma iskar tana barin jiki cikin 'yan mintoci. Ba ta da illa ga jariri, sai dai asibitoci ƙalilan ne ke da ita a ƙasar nan.

Sai allurar bayan da ƙawarki ta faɗa, wadda ake kira efidural. A cikin duk hanyoyin nan ita ce ta fi kashe zafi, nesa ba kusa ba. Likitan sa barci ne kaɗai ke yin ta. Da farko za a sa miki ƙarin ruwa a hannu, a auna jininki. Za ki zauna a bakin gado ki rungumi matashi, ki sunkuyar da kai, ki turo bayanki waje. A wanke bayan da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a yi 'yar ƙaramar allura a fata don wurin ya mutu, sannan a shigar da allurar tsakanin ƙasusuwan baya biyu, daidai saitin saman ƙugu. Ta cikinta ake zura wata siririyar roba kamar zaren kamun kifi, a zare allurar, a manne robar da filasta. Ba ƙarfe ake bar miki a baya ba. Ta wannan robar ake tura maganin, ana ƙarawa har ki haihu. Sakawar takan ɗauki minti 10 zuwa 20, maganin ya kama bayan wasu mintuna 15 zuwa 20. Aikinki a lokacin shi ne ki tsaya cak, in kin ji ciwo na tasowa ki faɗa, likita zai dakata har ya wuce. Magungunan da ake amfani da su yanzu an tsinka su sosai, don haka za ki riƙa motsa ƙafafunki duk da sun yi nauyi, ki ji matsi lokacin murɗawa, ki kuma iya yunƙuri.

Game da maganar Hajiya: lakar da ke cikin ƙashin baya tana ƙarewa ne a sama da inda ake soka allurar, kuma maganin a wajen rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ake zuba shi. Nauyin ƙafafun yana washewa cikin 'yan awoyi bayan an daina tura magani. Alƙaluman da likitocin sa barci na Birtaniya ke ba masu ciki sun nuna cewa wajen mace 1 cikin 1,000 takan sami wani ɗan wuri a cinya ko ƙafa da ya yi sanyi ko rauni na ɗan lokaci, wajen 1 cikin 13,000 abin ya wuce wata shida, mummunan rauni irin shanyewar ƙafafu kuwa wajen 1 cikin 250,000. Ba za mu ce miki babu haɗari sam ba, kuma waɗannan alƙaluman na inda ma'aikata da kayan aiki suka wadata ne, shi ya sa hannun da zai yi miki da tsabtar wurin suke da muhimmanci. Amma matan da ake gani a garuruwanmu suna jan ƙafa bayan haihuwa, mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta yi musu haka, kan jariri ya daɗe yana danne jijiyoyin ƙugu, irin naƙudar da ke haddasa yoyon fitsari. Ciwon baya mai daɗewa ma an bincika, an ga yawansa ɗaya ne tsakanin waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba. Wurin da aka soka dai yakan yi tsami na 'yan kwanaki. Kuma ba ta ƙara yiwuwar a yi miki aiki.

Matsalolin da aka fi gani sun fi waɗannan sauƙi. Jini yana iya sauka, ki ji jiri ko tashin zuciya, shi ya sa ake auna shi duk bayan minti biyar a farko, kuma gyaransa ƙarin ruwa ne da magani da kwanciya ta gefe. Wajen mace 1 cikin 8 ba ta kama mata yadda ake so, wani lokaci ɓangare ɗaya ya mutu ɗayan yana ciwo. Ki faɗa, ana iya gyara robar ko a sake sakawa. Akan sami ƙaiƙayi, da rawar sanyi, da ɗan zazzaɓi. Ba za ki ji fitsari ya cika ba, don haka za a sa miki robar fitsari. Lokacin yunƙuri yakan ɗan ƙara tsawo, kuma wani lokaci sai an taimaka an jawo kan jariri da na'ura. Wajen 1 cikin 100 kuma allurar takan huda rigar nan, ruwan laka ya riƙa ɗiga, bayan kwana ɗaya zuwa uku mace ta kamu da ciwon kai mai alama ta musamman: in ta tashi zaune ya sara, in ta kwanta ya lafa. Yakan warke da hutu da shan ruwa da maganin ciwo, in ya ƙi sai a ɗebi jininta kaɗan a zuba a wurin ya toshe hudar. Duk da haka, ciwon kai bayan haihuwa kada a yanke masa hukunci a gida, a je a auna jini, domin jijjiga tana zuwa ko bayan an sauka. Haka in kin koma gida kika ji ƙafafu na ƙara nauyi, ko fitsari ya ƙi fita, ko baya na ciwo da zazzaɓi, a koma asibiti a ranar.

Akwai waɗanda ba a yi wa: mai zubar jini da yawa, mai ƙurji ko miki a wurin da za a soka, mai zazzaɓin da ƙwayoyin cuta suka shiga jini, da wadda ƙwayoyin daskarar da jininta suka yi ƙasa sosai, abin da hawan jinin ciki mai tsanani ke iya jawowa. Mai karɓar allurar tsinka jini sai an jira awa 12 ko 24 bayan ta ƙarshe, gwargwadon yawanta. Mai hawan jini da gwajinta ya yi kyau, da mai sikila, da mai wasu cututtukan zuciya, su kam sau da yawa likitoci ne ma ke ba su shawarar a yi musu.

Babbar matsalar efidural a wajenmu ita ce samunta. Sai inda ake da likitan sa barci dare da rana, da ungozomar da za ta tsaya a kanki, da na'urar bibiyar zuciyar jariri. Asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato suna da sashen waɗannan likitocin, haka wasu asibitocin kuɗi, amma ko a can sai kin tambaya ko suna yi wa masu naƙuda, da nawa ne, da ko ana samu da dare. Wurin da aka ce za a yi miki amma ba mai auna jininki a kai a kai, gara ki haƙura da ita.

Idan haihuwa ta zo da aiki, kada ki rikita allurar aikin da efidural. Allurar da aka fi yi don tiyata ita ma a baya ake yin ta, amma sau ɗaya ce da siririyar allura, ta kashe daga ƙirji zuwa ƙasa cikin 'yan mintoci, ta saki bayan awa biyu zuwa uku. Idonki biyu, za ki ji ana ja ana taɓawa amma ba zafi, ki ji kukan jaririnki. In kin ji zafi ki faɗa nan take. Ga yawancin mata ta fi a sa su barci gaba ɗaya aminci, domin mai ciki tana da haɗarin abin da ke cikinta ya taso ya shiga huhu.

Wani abin da muke so ki riƙe da kyau shi ne ɗinki. Mai haihuwar fari takan sami ƙari, ko ta ƙaru da kanta ko a ƙara ta. Ba daidai ba ne a ɗinke mace ɗanye. Akwai allurar lidoken da ake yi a wurin, kamar mililita 10, a jira minti biyu, a ɗan matsa fatar a tambaye ki ko kin ji. In kin ji, ki ce kin ji, a ƙara. Maganin ba shi da tsada kuma kusan kowane ɗakin haihuwa yana da shi. Ki faɗa wa mai rakiyarki tun yanzu ta tuna wa ma'aikata cikin ladabi, domin ke a lokacin ƙila ba ki da ƙarfin magana. Tsumma mai ɗumi da ungozoma za ta dafa a wurin lokacin da kai ke fitowa yana rage mummunar yagewa.

Bayan kin sauka, Brufen ɗin da muka hana ki ya halatta: miligiram 400 duk bayan awa 8, bayan cin abinci, tare da farasitamol, kuma ba ya cutar da mai shan nono. Sai dai in kina da gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko kin zubar da jini da yawa, ko hawan jininki bai sauka ba, to ki tambayi likita tukuna. Kodin da tiramadol ki guje su muddin kina shayarwa, domin jikin wasu matan yana sarrafa su da sauri fiye da kima, su bi nono su danne numfashin jariri. Murɗawar mara lokacin da yake tsotso mahaifa ce ke komawa mazauninta, takan lafa cikin kwana biyu zuwa uku.

Kina da kamar mako goma a gaba. A awo na gaba ki tambayi ungozoma wane maganin zafi suke da shi a ɗakin haihuwa, ko sai kin sayo da kanki, ko suna barin mai rakiya ta shiga, da kuma inda suke tura mace in haihuwa ta zo da gardama. Ki sa a rubuta a katinki duk maganin da jikinki ba ya so, da rukunin jininki, da ko kina da sikila ko asma. Ki tafi da maigida ya ji da kunnensa, domin duk da yardarki ce ake nema, a aikace sau da yawa shi ake kira ya sa hannu ko ya biya, kuma tsakar dare ba lokacin fara muhawara ba ne. Hajiya kuwa kada ki yi jayayya da ita. Ki roƙe ta ta raka ki awo sau ɗaya, ki bar ungozoma ko likita su yi mata bayani da bakinsu, ki kuma nemi ta kasance cikin masu kai ki asibiti ranar da ciwo ya fara zuwa duk bayan minti biyar, ko faya ta fashe, ko kika ga jini, ko motsin jariri ya ragu.